Raddi ga Masu Ɗaukar "Mahaya a Bakin Teku" Hoton Shaƙatawa Kawai

Paul Gauguin, mai zane ɗan Faransa, ya yi zanen "Mahaya a Bakin Teku" a 1902 a Atuona, cikin tsibirin Hiva Oa na rukunin Marquesas. Iri biyu ya yi, kuma wanda ake magana a kai yana gidan adana zane-zane na Folkwang a Essen, ƙasar Jamus. Wasu na cewa zanen kwatancin abin da ido ya gani ne, ba wata alama a ɓoye. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafafunta.

Hujja ta farko: wai launukan hasken yankin zafi ne. Yashin gaɓar Atuona baƙi ne, domin daga duwatsu masu aman wuta ya samo asali, amma Gauguin ya shafa masa ruwan hoda. Wanda ya sauya launin ƙasa da gangan yanayin zuciya yake nema, kuma wannan launi ya sa gaɓar ta yi kama da mafarki.

Ta biyu: wai mahayan duka samarin tsibirin ne da suka fito kilisa. Uku daga cikinsu sun juya baya, sun nufi teku. Sauran biyun kuwa suna kan fararen dawaki, kawunansu a lulluɓe, sun gitta ta gabansu. Irin wannan lulluɓin ne Gauguin ya yi wa fatalwar da ke cikin zanensa "Manao Tupapau" na 1892. Haka kuma ya san zanen Albrecht Dürer na 1513, inda Mutuwa ke rakiyar wani barde a kan doki.

Ta uku: wai natsuwar zanen shaidar rayuwar da baƙi ba su taɓa ba ce. Amma Faransa ta mamaye Marquesas tun 1842, cututtukan da baƙi suka kawo sun rage jama'ar matuƙa, su kansu dawakin shigo da su aka yi. Shi kansa Gauguin a lokacin yana fama da gyambo a ƙafa da ciwon zuciya, ya mutu ranar 8 ga Mayu, 1903.

Gaskiya ne zanen yana da kyau da natsuwa, sai dai natsuwar bankwana ce. Wanda ya ɗauke ta hutu ya kawar da kai daga launin yashin, da lulluɓaɓɓun mahayan, da halin da tsibirin yake ciki.