Tundurmi: ƙafa guda, fiɗa iri-iri

A watan Janairu na 2025 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida cewa Nijar ta rabu da makantar rafi, ita ce ta farko a Afirka. Amma akwai wata cuta da ake yaƙa da ƙwayar nan ta Mectizan, a haɗe da albendazole, wato tundurmi da gwaiwa da sabro ke yaɗawa. An yi shekaru ana rabon maganin a ƙasarmu. Ƙwaya tana kashe ƴaƴan tsutsar da ke cikin jini, ta tsare masu lafiya, amma ba ta mai da ƙafar da ta kumbura yadda take. Shin fiɗa za ta iya?

Tsohuwar dabara tana ɗauke da sunan Charles, wani likita Bature da ya yi aiki a Indiya, tun 1912. A feɗe fata da duk abin da ke ƙarƙashinta, a lulluɓe wurin da wata fatar. Nauyi ya ragu, tabo ya cika ƙafa.

Yanzu likitoci suna fara zuba wani koren ruwa ƙarƙashin fata, su bi shi da na'ura, su ga inda hanyoyin ruwan jiki ke aiki da inda suka toshe. Ta haka aka gane kowane sashe da irin ciwonsa. Wajen idon sawu ko wuyan hannu, in hanyoyin suna da sauran rai, sai a ɗinke su da ƙananan jijiyoyin jini da kaurinsu bai kai milimita 1 ba, aikin da likita Koshima na Japan ya yi fice a kansa. A cinya da dantse kumburi yakan zama kitse, sai a zuƙe shi, yadda likita Brorson ke yi a Suwidin. Inda kaluluwa ta mutu, ana dasa wata daga wani wurin jiki. Bayan ƙafa da yatsu kuwa, in fata ta yi tauri kamar ɓawon icce, yankewa ce kawai. Mutum guda yakan samu aiki biyu ko uku a ƙafa guda.

Sai dai yawancin dabarun nan an gyara su ne domin matan da hannunsu ya kumbura bayan fiɗar ciwon daji na nono, masu likita kusa. Wanda aka zuƙe wa kitse, dole ya sa safa mai matsewa dare da rana muddin ransa, yana sake ta in ta saki. A tuna da manomin Tawa cikin zafin bazara, da kuɗin safar. In ya aje ta, kumburi ya dawo.

A ganinmu, magabatan kiwon lafiya su fara da gwaiwa, domin fiɗarta tana warkarwa, kuma asibitin gunduma yana iya ta. Masu tundurmi a koya musu wankin ƙafa da sabulu kullum, da share tsakanin yatsu, da sa takalmi, da ɗaga ƙafa in sun kwanta, abin da ke rage zazzaɓin da ke ƙara kumburi. Malaman asibitin ƙauye kuma su riƙa rubuta wurin da kumburi yake da taurinsa, a tura sababbin kamu Yamai ko Damagaram tun hanyoyin ba su mutu ba.