Kanti Da Cibiyar Zuma Sun Fi Sadaka Amfani Ga Zabiyoyi Mata

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ra'ayina shi ne ya kamata garinmu ya buɗe kanti na jama'a, haɗe da wurin tace zuma da sayar da ita, sa'an nan a danƙa shi a hannun mata zabiyoyi da matan da suka haifi zabiyoyi. Na san wani zai ce me ya haɗa zabiya da zuma? To, ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Da farko dai zabiyanci ba cuta ba ce da ake ɗauka, ba kuma aikin aljanu ba ne. Akwai wani sinadari a jikin mutum da ake kira melanin, shi ne yake ba fata da gashi da ido launinsu, shi ne kuma yake kare fata daga zafin rana. Zabiya mutum ne da jikinsa ba ya yin wannan sinadari yadda ya kamata. Abin gado ne, kuma sai uwa da uba duka biyu suna ɗauke da ƙwayar gadon, ko da su kansu baƙaƙe ne wuluk. In haka ta kasance, kowane ciki da matar ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da zabiya. Duk wanda ya yi darasin Mendel a ajin ilmin halittu ya san wannan lissafi. Abin da ke ba ni haushi shi ne, lissafin ya nuna rabin abin daga wajen uba yake, amma a gari uwa kaɗai ake ɗora wa laifi. Wata a ce ta yi abin kunya, wata dangin miji su sa a sake ta, ta koma gidansu da goyo ba ta da ko sisi. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, tun da ta haifi zabiya wasu suka daina aika yaransu saye wurinta, alhali kuwa ƙosan nan bai sake ɗanɗano ba. Shi ya sa na ce a sa iyaye mata cikin shirin, domin su ma abin ya shafe su.

Ita kuwa zabiya, babbar abokiyar gabarta rana ce. Fatarta na ƙonewa, ta yi ƙuraje da tabo, daga nan in ba a kula ba sai ciwon daji na fata ya shiga, kuma shi ne yake kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna da ƙuruciya. Ga kuma raunin gani, wanda yake sa yawancinsu ba sa hangen allo daga bayan aji, har a ɗauka daƙiƙai ne a cire su daga makaranta. Yanzu ku duba sana'o'in da suka rage wa macen da ba ta yi karatu ba: talla, noma, ɗiban ruwa, zaman kasuwa a fili. Dukansu a tsakar rana ake yin su. Watau yunwa ce take tura ta ga abin da zai halaka ta.

A ƙasar Tanzaniya abin ya fi namu muni. An ƙiyasta cewa a can mutum ɗaya cikin kimanin 1,400 zabiya ne, kuma wasu bokaye sun yaɗa ƙaryar cewa sassan jikin zabiya suna kawo arziki, har aka riƙa kashe su. A shekarar 2008 wata 'yar jarida ta BBC, Vicky Ntetema, ta ɓad da kama ta shiga wurin bokayen ta tona asirinsu, abin da ya sa dole ta ɓuya don tsira da ranta. A wannan shekara ce Shugaba Jakaya Kikwete ya naɗa wata zabiya, Al-Shaymaa Kwegyir, 'yar majalisa, a 2015 kuma gwamnati ta haramta aikin irin waɗannan bokaye. An kwashe yara zabiyoyi da yawa an ajiye su a makarantu masu katanga, kamar ta Buhangija a Shinyanga. Katanga ta tsare rayukansu, ba na musu, amma ta raba su da iyayensu da jama'ar gari. Ni abin da ya fi burge ni shi ne wanda ƙungiyar Standing Voice ta yi a tsibirin Ukerewe cikin tafkin Victoria, inda ta buɗe cibiyar koyon sana'a mai suna Umoja, watau haɗin kai, zabiyoyi da sauran mutanen gari suna koyon ɗinki da wasu sana'o'i a ɗaki guda.

To, don me zuma? Domin aikinta kusan duk a inuwa yake. Ɗiban zuma da yamma ko da dare ake yi, lokacin da ƙudan zuma suka lafa, kuma mai ɗiba a rufe take ruf daga kai har ƙafa. Ba dole ba ne ma a hau ɗorawa ko kaɗanya a ɗaura amya irin ta da, akwai amyar katako mai sanduna a sama wadda ake ajiyewa a kan ƙafafu daidai ƙugu, a ɗaga sanda ɗaya ɗaya a yanke saƙar da ta nuna, a bar wa ƙudan 'ya'yansu. Sauran aikin, watau matsewa da tacewa da ɗurawa a kwalba, a cikin ɗaki ne. Kakin da masu ɗiba da yawa suke zubarwa shi ma kuɗi ne, ana yin kyandir da man shafawa da man goge takalmi da shi. Zuma ba ta bukatar firji, in an ɗebe ta nunanniya aka toshe kwalba sai ta shekara ba ta lalace ba, ba kamar tumatir ba. Ba ta kuma bukatar babbar gona, wadda mace sakakkiya ba ta da ita. Kasuwa kuwa ba sai an nema ba, kowa ya san Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahli, kuma ba gidan da ba a nemanta in yaro na tari.

Amma kantin shi ne zuciyar maganata. Sadaka a boye ake ba da ita, a ci ta ƙare, mai bayarwa yana sama mai karɓa yana ƙasa. A kanti kuwa sai mutum ya tako da ƙafarsa, ya yi sallama, ya taya, ta ce albarka, ya miƙa kuɗi ta miƙo canji hannu da hannu. Wanda ya yi haka sau goma, ya sha kunu da zumar da ta tace bai ga abin da ya same shi ba, da wuya ya sake yarda da camfin da ya gada. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni ta zama ranar tunawa da zabiyoyi, an fara a 2015, kuma 'yar Nijeriya ce, Ikponwosa Ero, ta fara riƙe muƙamin mai bin haƙƙinsu a Majalisar daga 2015 zuwa 2021. Wannan abin alfahari ne, sai dai rana ɗaya ce a shekara, kanti kuwa kullum a buɗe yake.

Wata ƙawata a ɗakin kwananmu ta ce ai wannan ma wariya ce, a tara su wuri ɗaya ana nuna su da yatsa. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban ce a kai shi bayan gari ba. A sa shi a bakin kasuwa, a sayar da sabulu da gishiri da ashana kamar kowane kanti, a ɗauki wasu matan unguwa su yi aiki tare. Kada kuma a dogara da tausayi, domin mai saye don tausayi sau ɗaya yake zuwa. Mutane sun gaji da zumar da aka gauraya da narkakken sukari, saboda haka in aka san ta wannan kanti tsantsa ce, ko mai ƙyamar zabiya sai ya aiko. Littafin ciniki da farashi a rubuta su da manyan baƙaƙe saboda idonsu, kuma su da kansu za su riƙe asusun, ba wani mai babbar riga ba. Daga ribar a ware wani abu na sayen malafa da riga mai dogon hannu da man kare fata, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Mu ma ɗalibai muna da abin yi. A bayan gonar makaranta akwai itatuwan mangwaro da ba mai zuwa wurin sai masu satar ɗanye. Ina roƙon Shugabar Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su ba da wannan wuri a ajiye amya goma na farko, kafintan makaranta ya ƙera su, 'yan Ƙungiyar Matasa Manoma kuma mu ɗauki nauyin share ciyawa da zuba wa ƙudan ruwa lokacin bazara.