Gidajen da ba a ƙarasa ba: ina kuɗin mai saye yake kwana?

Wanda ya biya kuɗin gida tun yana kan takarda, bashi ya bai wa kamfanin gini, ba jingina, ba mai tsaya masa. Idan aikin ya tsaya, bankin da ke riƙe da takardun filin shi ne kan gaba wajen karɓar haƙƙinsa, mai saye kuwa sai ya jira abin da ya rage.

Indiya ta ɗanɗana kuɗarta a wannan fage. A unguwannin Noida da ke gefen birnin Delhi, kamfanin Amrapali ya karɓi kuɗin mutane fiye da 40,000, sannan ya karkatar da maƙudan kuɗin zuwa wasu harkoki. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke rajistarsa, ta ɗora wa kamfanin gwamnati na NBCC ƙarasa gine-ginen. Kafin nan wasu sun shafe shekaru suna biyan haya da bashin banki lokaci guda.

Dokar RERA ta 2016 ta nufi tushen matsalar. Ta wajabta ajiye kashi 70 cikin ɗari na kuɗin masu saye a asusu na musamman na wannan aikin kaɗai. Ba a cirewa sai gwargwadon inda gini ya kai, kuma sai injiniya da mai zanen gini da akanta sun sa hannu. Kamfani ba zai karɓi fiye da kashi 10 ba kafin a yi rajistar yarjejeniyar ciniki. Idan wa'adi ya wuce, mai saye na iya neman kuɗinsa da ruwa. A 2018 aka ƙara ba masu saye kujera a kwamitin masu bin bashi idan kamfani ya durƙushe. Dokar ba ta warkar da komai ba, domin samun hukunci daban, karɓo kuɗi daban.

A Najeriya, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke biyan gida kaɗan-kaɗan a Abuja ko Kano yana da yarjejeniyarsa, da kotu, da hukumar kare masu saye ta FCCPC. Jihar Legas ta kafa LASRERA don rajistar masu harkar. Sai dai kotu da FCCPC suna shigowa ne bayan kuɗin ya riga ya tafi, shari'a kuma na iya jan shekaru yayin da farashin siminti ke hawa. Muddin majalisa ba ta wajabta keɓantaccen asusu ba, ya rage wa mai saye ya nemi a rubuta masa shi cikin yarjejeniya kafin ya biya kason farko.