Valletta: Birnin da fasinjan jirgi ɗaya suka fi 'yan gari yawa

Duk ranar da katafaren jirgin ruwan shaƙatawa na MSC World Europa ya tsaya a tashar Valletta, babban birnin ƙasar Malta, lissafin garin kan juye. Jirgin na iya ɗaukar fasinja sama da 6,700, alhali mazauna birnin a ƙidayar 2021 ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba.

Malta tsibiri ce a tsakiyar Tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili ta Italiya. Al'ummarta ta ɗan haura rabin miliyan, amma a 2024 ta karɓi masu yawon buɗe ido fiye da miliyan uku da rabi, ban da na jiragen ruwa masu wuni su wuce. Mafi yawansu kuma sai sun leƙa Valletta, wadda faɗinta bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba.

Akwai abin gani kuwa. An aza harsashin birnin a 1566, shekara guda bayan mayaƙan Kirista da ke mulkin tsibirin sun kori rundunar Turkawa da ta yi musu ƙawanya. A 1980 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, da gine-ginen tarihi 320. A majami'ar St John akwai zanen da Caravaggio ya yi a 1608, wanda shi kaɗai ne ya sa wa hannu a duk ayyukansa. Da ƙarfe 12 na rana kuma ana harba igwa a ƙarƙashin lambun Upper Barrakka, jama'a na ta ɗauka a waya.

Bahaushen da ya kasa kunne a titi zai yi mamaki. Harshen Malta jikan Larabci ne, tun zuwan Larabawa a shekarar 870. Mutanen galibi Katolika ne, amma Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu kuma Randan. Ranakun mako ma haka: it-Tlieta, il-Ħamis, il-Ġimgħa, wato Talata, Alhamis da Juma'a.

Sai dai masu wannan harshe suna ta raguwa a cikin ganuwa. A farkon ƙarni na 20 mazauna Valletta sun haura 20,000. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da lalacewar gidaje ne suka fara korar mutane, ba 'yan yawon buɗe ido ba. Abin da ya sauya shi ne, da aka zo gyara birnin, musamman gabanin 2018 da ya riƙe kambun birnin al'adu na Turai, ba don 'yan gari su dawo aka gyara ba. Tsofaffin gidaje sun koma ƙananan otal-otal da ɗakunan haya na Airbnb. Tsohuwar kasuwar Is-Suq tal-Belt, inda mata ke sayen kifi da kayan miya, ta koma zauren cin abinci na zamani.

A 2022 gwamnati ta ba wa gidajen abinci da mashaya a wasu titunan birnin izinin kiɗa a waje har ƙarfe ɗaya na dare. Mazauna sun yi zanga-zanga a kan haka, da kuma tebura da kujerun da suka cinye hanyar wucewa, amma ba a fasa ba. Wanda ya zo hutun kwana uku, wannan nishaɗi ne a wurinsa. Dattijuwar da tagarta ke saman mashayar, kullum ne.

Wasu biranen yankin sun fara taka burki. Venice ta hana manyan jirage ratsa tsakiyarta tun 2021, ta kuma fara karɓar Yuro 5 daga masu wuni a 2024. Palma, a tsibirin Mallorca na Sifaniya, ta taƙaita jiragen shaƙatawa zuwa uku a rana tun 2022. Malta ta zaɓi wata hanya: ta haɗa wa jiragen lantarki daga tudu domin su kashe injinansu idan sun tsaya. Wannan ya rage hayaƙi, bai rage ko mutum ɗaya a titi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar ba ta da mai, ba ta da ko kogi guda. Fiye da rabin ruwan famfonta daga teku ake tacewa, da tsadar lantarki, kuma a zafin Yulin 2023 sassa da dama sun kwana a duhu. Kowane ƙarin baƙo nauyi ne a kan ruwa da wuta, amma shi ne kuma kuɗin shiga. Gwamnatin da ta rage baƙi sai ta faɗa wa masu otal da direbobi abin da za su ci.

Ba kowane baƙo ne kuma ake wa maraba iri ɗaya ba. Malta na cikin yankin Schengen, don haka ɗan Najeriya ko Nijar sai ya nemi biza, ya biya Yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana shi. A 2024 an yi watsi da sama da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Schengen daga Najeriya. Attajiri kuwa, har zuwa Afrilun 2025 da Kotun Tarayyar Turai ta haramta tsarin, yana iya samun fasfon Malta da zuba aƙalla Yuro 600,000.

A wannan birni ne kuma, a Nuwamban 2015, shugabannin Turai da na Afirka suka yi taro kan baƙin haure, aka kafa asusun Yuro biliyan 1.8. Bayan taron ne Nijar ta tsananta aiki da dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi da motocinsu a Agadez, har zuwa Nuwamban 2023 da gwamnatin soji ta soke dokar. Zauren da aka yi taron, tsohon asibitin mayaƙan da suka gina birnin, yana cikin wuraren da ake zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a yau.