Wuta Ba Itace Kaɗai Ta Ke Ci Ba

Duk wanda ya san ƙasar Kanya Babba da Ɓaɓura, har ya zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa, ya san kukan da a ke yi na itacen girki. Dattawa suna cewa da can yaro ba ya wuce bayan gari sai ya ɗauro dami, yanzu kuwa sai a yi tafiya mai nisa, a komo da 'yan kiraren sabara da kalgo. Garin da ya ci sunan itacen kanya, ga shi yau matansa suna girki da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. In an zauna shawara kowa magana guda ya ke yi, a dasa itatuwa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Tun shekarar 2007 ƙasashen Afirka suka ɗaura niyyar kafa ganuwar itatuwa a bakin hamada, Jihar Jigawa kuwa tana cikin jihohin Nijeriya 11 da aikin ya shafa. Amma itacen da aka dasa bana sai an yi shekaru kafin a ci moriyarsa, tuwon dare kuwa yau za a tuƙa shi. Don haka mu ke so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu ga wani ɗan abu da a ke rainawa, watau ƙarfen nan ko yumɓu mai huje-huje da a ke shimfiɗawa ƙarƙashin wuta. Za mu kira shi rariyar murhu, don ya yi kama da rariyar tankaɗe.

Wuta abinci biyu gare ta, itace da iska. Na farko mu ke saye da kuɗi, shi ya sa shi kaɗai mu ke lura da shi. Tun wajen shekarar 1777 wani masani Bafaranshe, Lavoisier, ya bayyana cewa ƙuna ba kome ba ne illa haɗuwar abin da ke ci da wani sashe na iska da a ke kira oksijin. Sashen nan kuwa kashi 21 ne kurum cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa. Saboda haka kilo guda na busasshen itace ba ya ƙonewa sarai sai ya sami iska wajen kilo 6, watau abin da zai cika duro 25 irin na man fetur. Gawayi ya fi haka ci, yana neman kusan ninki biyu. To, jama'a, ku duba. Mai gida ya sha rana ya samo dami guda, amma rabon da ya fi yawa, wanda Allah ya ba mu kyauta, ba wanda ya tsaya ya shirya masa hanyar shiga.

Kadan iska ta gaza, sai itace ya yi ta tururin hayaƙi, ido na ruwa, tukunya na baƙi. Hayaƙin nan ba ƙazanta ba ce kawai, itace ne da ya tsere bai ƙone ba, kuɗi ne ke fita ta taga. Gawayi kuma in bai sami isasshiyar iska ba, ba ya ba da ko sulusin zafin da ke cikinsa, sauran ya tafi cikin wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Kadan kuma iska ta yi yawa, sai ta shigo da sanyinta ta kwashe zafi ta yi gaba da shi. Murhunmu na duwatsu uku duka laifin biyu ya ke yi a lokaci guda. Ta sama iska na kaɗawa ta ko'ina, harshen wuta na karkata yana lasar banza. Ta ƙasa kuwa itace na kwance cikin toka, garwashi ya shaƙe. Masu auna irin wannan abu sun tarar zafin da ke shiga tukunya bisa duwatsu uku, in ana girki a fili, bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Shi ya sa ka ke ganin uwar gida durƙushe tana hura wuta da baki ko tana fifita da faifai. Aikin da rariya za ta yi mata ke nan ta ke yi da huhunta.

Kada wani ya ce wannan ilmin Turawa ne, baƙo ne a wurinmu. A je maƙera a gani. Maƙeri ba ya ɗora gawayi ya sa masa ido. Yana da zuga-zugi, yana da bututun yumɓu da ke kai iska can cikin gindin wuta, daidai inda ya ke so ƙarfe ya yi ja. Ya san lokacin da zai ce wa yaro ya ƙara zuga, ya san lokacin da zai ce ya sassauta don kada ƙarfe ya ƙone. Ya san gawayin ƙirya ya fi na wani itace riƙe wuta. Kakanninsa da suka narka tama suka fid da ƙarfe tun ba a san jirgin ƙasa ba, da sarrafa iska suka yi shi. Da jirgin ya iso Kano a shekarar 1911, masu zuba masa kwal su ma darasin da suka koya ke nan: wutar tana bisa sandunan ƙarfe jere da rata a tsakaninsu, ƙarƙashi akwai ƙofar iska da a ke buɗewa a rufe, in toka ta daskare ta toshe ratar sai tururi ya ragu, jirgi ya kasa hawan tudu. Abin mamaki, ilmin nan yana maƙera, ya shiga jirgi, amma bai ƙetare zaure ya shiga madafa ba.

Yanzu bari mu faɗi yadda rariya ta gari ta ke, gwargwadon abin da hankali da gwaji suka nuna. Amfaninta na fari ta ɗaga wuta daga ƙasa, iska ta biyo ta ƙarƙashi ta ratsa garwashi, toka kuma ta zube ta ba da wuri. Iskar da ta bi ta cikin garwashi ta ɗumama kafin ta kai ga itace, ba ta kashe wuta kamar iskar da ta faɗo mata daga gefe. Amma ba kowane ƙarfe mai huji ne rariya ba. In hujin ya yi faɗi, garwashi ya zube tun bai gama aiki ba, an yi hasara. In ya yi ƙanƙanta, toka ta toshe shi tun ruwa bai tafasa ba, an koma gidan jiya. Ga gawayin girki, huji kamar kaurin ɗan yatsa ya kan yi daidai, a kuma bazu su ko'ina, kada a tara su a tsakiya a bar gefe ya mutu. Sa'an nan a bar sarari ƙarƙashi inda toka za ta taru ba ta taɓo rariyar ba, a yi masa 'yar ƙofa mai murfi. Wannan ƙofa ita ce linzamin wuta. Za a tafasa ruwa, a buɗe ta duka. An zuba wake ana so ya nuna a hankali, a turo ta saura kaɗan. Yawancin kurfotin da a ke sayarwa a kasuwanninmu ba su da murfin nan, ko kuwa yana nan amma ba ya rufuwa, sai gawayi ya yi ta ci da ƙarfi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko ana bukata ko ba a yi.

Akwai wani wuri da masu ƙira su kan yi kuskure, don suna zaton itace da gawayi halinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Gawayi a kan rariya ya ke ci, saboda haka iskar ƙasa ita ce ransa. Itace kuwa in ya yi zafi, wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinsa tashi ya ke yi ya zama tururi mai cin wuta, shi ne harshen da mu ke gani. Wannan tururi sama da itacen ya ke ƙonewa, can ya ke neman tasa iskar. Kadan aka yi murhun itace aka toshe shi ruf, aka bar iskar ƙasa kaɗai, sai a sami garwashi ja da hayaƙi baƙi. Tilas a bar wata hanya ta biyu sama da rariya, a kuma bar tazara tsakanin itace da gindin tukunya, don harshen wuta ya gama ci kafin ya taɓa ƙarfe mai sanyi. Ɗanyen itace kuwa, wanda kusan rabinsa ruwa ne, babu rariyar da za ta yi masa magani sai rana.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gwadawa. A Kenya, farkon shekarun 1980, aka gyara kurfotinsu da su ke kira jiko, aka sa masa cikin yumɓu gasasshe mai huje-huje a gindi, da ƙofar iska a ƙasa. Maƙera ke yin jikin, magina tukwane ke yin cikin, ya kuwa bazu har ƙasashen maƙwabta. Nan kusa da mu, a Nijar, cikin waɗannan shekaru aka fito da murhun ƙarfe na itace, aka raɗa masa suna da Hausa, Mai Sauƙi, wanda ke kāre wuta daga iska, tukunya ta zauna a cikinsa zafi na bin gefenta. Abin da ya kamata mu lura da shi, duka biyu masu sana'ar gari ne ke ƙera su, a kasuwa a ke sayensu, in sun lalace a nan a ke gyarawa.

Mun san abin da iyayenmu mata za su ce, maganarsu kuwa tana da nauyi, don su ke tsugunne gaban wutar, ba mu ba. Za su ce duwatsu uku ba a saye, suna karɓar kowace tukunya, ƙarama da ta biki. Za su ce tuƙin tuwo da muciya yana son murhun da ba ya motsi, wannan na gwangwani kuwa sai an sa ƙafa an danne. Za su ce kara dogo ne, yana ci fararat, tokarsa ta fi ta itace yawa, yanzu za ta cika rariya. Duk gaskiya ne. Wanda ya zo da murhu daga birni ya raba kyauta, bai tambayi girman tukunyar gidan ba, bai ga yadda a ke tuƙi ba, kada ya yi fushi in ya komo ya tarar kaza na ƙwai a ciki. Amsar ba a ce mata sun ƙi ci gaba ba ce. Amsar a gina murhun da laka a ƙasa yadda ba zai motsa ba, a auna bakinsa da tukunyar gidan, a yi wa na kara rata mai faɗi da wurin toka mai zurfi. Rariyar langa-langa kuma wuta na cinye ta cikin 'yan watanni, don haka ko a yi ta da guntayen rodi, ko magina su gasa ta yumɓu, a yi ta yadda za a ɗaga a sa wata ba sai an rushe murhu ba.

Wanda ke ganin maganar ta yi ƙanƙanta ga mai neman zama malami, ya tuna ba itace kaɗai a ke hasara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa, har da goyon da ke bayan mai girki. Kilo guda na gawayi kuma, yadda a ke gasa shi cikin rami a rufe da ƙasa, ba ya samuwa sai an ƙona itace kilo 5 ko fiye. Duk garwashin da ya zube banza ta hujin da ya yi faɗi, reshe ne aka sare a daji. Sai dai a nan wajibi ne mu yi gargaɗi: kome kyan rariya, ba ta halatta a shiga ɗaki da gawayi lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar gubar nan tana fita ko daga murhu mai kyau, mai barci kuwa ba ya jin shigarta.

Abin da mu ke roƙon malamanmu shi ne a sa wannan cikin darasin da za mu tafi da shi makarantun ƙauye, a kuma koyar da shi da hannu, ba a allo kaɗai ba. Kayan gwajin ba su da tsada: tukunya biyu iri ɗaya, ruwa mudu ɗaya-ɗaya, itace dami biyu da aka auna a sikeli, da agogo. Ɗaya a kan duwatsu uku, ɗaya a kan murhu mai rariya. Yara su rubuta minti nawa kowace ta yi kafin ta tafasa, su kashe wutar, su auna itacen da ya saura. Kashegari a toshe rabin hujin da laka a sāke, jibi a buɗe ƙofar iska duka a sāke. A gayyato maƙerin gari da mai ginin tukwane su zauna su gani, su faɗi nasu, don su za su ƙera abin in ya yi kyau. A gayyato kuma wata dattijuwa ta tuƙa tuwo a kai, in ta ce yana rawa, a koma a sāke gini.