Abin da ya sa nake fifita Ɗanmaraya

Duk majalisar da aka tayar da gardamar wane ne gwanin gwanaye a mawaƙan Hausa, da wuya a yi nisa ba a tsaya kan Mamman Shata ba. Waɗanda kunnensu ya saba da kiɗan fada kuma sai su ce Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo. Ba na ja da kowa a kan girman waɗannan bayin Allah. Shata dai har digirin girmamawa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988, kuma tun da ya rasu a 1999 ba a sake samun wanda ya hau kiɗan kalangu kamarsa ba. Amma ni in aka tambaye ni, Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos nake kawowa, kuma ba don daɗin murya kaɗai ba.

A duba kayan aikinsa tukuna. Kuntigi ne: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya tak. Ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa, ba sanƙira mai yi masa kirari. Mawaƙin da ke da 'yan amshi yana samun sararin numfasawa da tunanin ɗan waƙa na gaba yayin da suke karɓa masa. Ɗanmaraya ba shi da wannan hutun. Shi ke kiɗa, shi ke waƙa, shi ke sauya murya ya zama miji, ya koma mata, ya zama uwar miji, duk a waƙa guda. Wanda ya saurari Jawabin Aure ko Gulma Wuya ya san wasan kwaikwayo ne cikakke yake fitowa daga bakin mutum ɗaya.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne mutanen da idonsa ya gani. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi. Ya taso a garin kuza, inda lebura da direba da ɗan kasuwa daga ko'ina suke cuɗanya. Da ya tashi yin waƙar da ta fito da shi, karen mota ya yi wa. Yaron da ke kwana kan kaya, ya sa wa taya waji a kan gangara, ya sha zagin direba da na fasinja, wanda ba shi da riga balle doki da zai ba maroƙi. Ɗanmaraya ya ɗauki wannan yaron ya sa shi a rediyo, inda ake jin sunayen sarakuna da attajirai. Haka ya yi wa yarinyar da ake aurarwa ba da sonta ba a waƙar Auren Dole, a lokacin da maganar ba ta da daɗin ji a zauruka da yawa.

Na sani za a ce ai shi ma ya yabi masu hannu da shuni, ya kuma yi wa sojojin tarayya waƙa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Gaskiya ne. Waƙa sana'a ce, da ita ake ci da iyali, kuma ban taɓa ganin laifin mawaƙin da ya karɓi kyauta ba. Abin da na riƙe, ba kuma zan saki ba, shi ne ana gane zurfin mawaƙi ne a waƙar da ya yi wa wanda ba zai iya biyansa ba. A wannan ma'auni ban ga wanda ya sha gaban Ɗanmaraya ba, sai dai in ce Barmani Coge ta Funtuwa ta bi sahunsa, da ƙwaryarta ta amada da kiran da ta yi ta yi wa mata su kama sana'a.

Ya rasu a watan Yunin 2015, kuma wurin da ya bari har yau ba kowa. Matasanmu suna da murya, suna da situdiyo, amma akalar waƙar ta karkata ga soyayya da 'yan siyasa, musamman in zaɓe ya matso. Ina waƙar mai ga-ruwa da ke tura kura tun asuba? Ina ta matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta a Zamfara, take kwana a kangon gini da 'ya'yanta?

Uzurin da ake bayarwa shi ne talaka ba ya liƙi. A zamanin Ɗanmaraya wannan uzuri yana da ƙarfi, bai kuwa fake da shi ba. Yau YouTube na biyan mawaƙi gwargwadon yawan masu saurarensa, kuma masu sauraren nan su ne tela a shagonsa, da mai shayi, da ɗan adaidaita sahu da ke kunna waƙa daga safe har dare. Su ke ciyar da mawaƙin yanzu, sun kuwa cancanci su ji labarin kansu a cikin abin da suke kunnawa.