Bajekoli Ba Na ’Yan Kasuwa Kaɗai Ba Ne

Hausawa kan ce zumunci a ƙafa yake, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙafar ta yi nauyi. Magidancin da a da yakan kwashi iyalinsa ranar Asabar su je gaida dangi, yanzu sai ya yi lissafin kuɗin mota, ya haƙura da kiran waya. Shi ya sa nake ganin bajekolin Kaduna, wanda ƙungiyar KADCCIMA ke shiryawa duk shekara a Rigachikun, kan hanyar Zariya, ya cancanci a dube shi da wani ido. Wuri ne da tafiya ɗaya ke biyan buƙata biyu: a yi sayayya, a kuma haɗu da ’yan’uwa da abokai. Ya kamata masu shirya shi su sauƙaƙa kuɗin shiga a ranakun Asabar da Lahadi, su tanadi inuwa, ruwan sha da wurin salla mai wadata.

Wasu za su ce bajekoli wurin ƙulla ciniki ne, cunkoson mata da yara sai ya hana manyan kamfanoni sakewa. Ai kasuwar Bahaushe ba ta taɓa zama ta ciniki zalla ba. Wanda ya je kasuwar Wudil ranar Juma’a ya san rabin abin da ake yi gaisuwa ce da tambayar mutanen gida, kuma hakan bai hana a sayar da shanu ba. Manyan kamfanoni suna da Litinin zuwa Alhamis su gana da dillalansu. Mai turaren wuta da mai kilishi kuwa, da suka biya kuɗin rumfa da ƙyar, cunkoson nan suke jira.